Awa Huɗu Na Yi Ina Haɗa Abin Sha, Na Dawo Gida Ba Riba: Yaya Zan Yanka Farashi?

"Malam, barka da aiki. Na shekara uku ina haɗa abin sha a wani otal, yanzu na fara karɓar aikin kaina, ana kirana gidaje idan za a yi liyafa. Aikin da na yi na ƙarshe baƙi 40 ne, na awa 4. Kuɗin awa huɗu na caji mai gidan, na sayo lemun tsami da ƙanƙara da kuɗina, sannan aka riƙe ni har awa ɗaya da rabi bayan lokaci. Da na dawo na yi lissafi sai na ga kamar kyauta na yi aikin. Shin da awa ake caji ko da yawan mutane? Kuma yaya zan nemi kuɗina ba tare da na zama kamar mai roƙo ba?"

Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Idan na fahimce ka, kana son sanin yadda ake gina farashin aikin liyafar gida, da kuma yadda kuɗin zai shigo hannunka cikin mutunci. Abin da ya same ka yakan sami kusan duk wanda ya baro otal ya fara cin gashin kansa, ni ma bai bar ni ba a shekarata ta farko. Dalilin kuwa a fili yake. A otal kana zuwa ka tarar da kanta a kafe, ƙanƙara na zuba daga inji, wani ya riga ya sayo kaya, wani zai wanke tambulan, akawu kuma shi ke bin kuɗi. Kai dai hannunka kawai aka ɗauka haya, shi ya sa ake biyanka da awa. A gidan mutum kuwa kai ne otal ɗin gaba ɗaya: kai ne mai sayayya, kai ne direba, kai ne mai wanke-wanke, kai ne akawu. Ka ɗauko farashin ma'aikaci ka ɗora wa aikin kamfani, don haka dole kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

Awa huɗun da ta zama goma sha uku

Ɗauki biro mu ƙirga aikin nan naka tun daga farko. Magana da mai gida a waya, da tsara irin abubuwan shan da za a yi, da canje-canjen da zai yi ta turowa, a ce awa 1. Sayayya awa 1 da rabi. Matse lemu, dafa ruwan sukari, yanka kayan ado na bakin kofi, tsince na'a-na'a, awa 2. Hanya zuwa da dawowa awa 1 da rabi. Sauke kaya da kafa kanta kafin baƙo na farko ya shigo, awa 1. Aikin kansa awa 4. Kwashe kaya da share wurin awa 1. Wanke kayan aiki bayan ka koma gida awa 1. Jimla awa 13 ke nan, ban ma sa awa ɗaya da rabin da aka riƙe ka ba.

Ba zan kama sunan kowane kuɗi ba, domin abin da ake biya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kai har daga unguwa zuwa unguwa. Mu yi da lamba zalla, kai ka mayar da ita irin kuɗin wurinku. A ce 100 ka caji kowace awa, ka karɓi 400. Raba 400 gida 13, za ka ga kowace awa ta tsaya maka a 31 ko ƙasa da haka kaɗan. Idan ka haɗa da ƙarin lokacin da ba a biya ba, ta sauko wajen 28. Daga cikin wannan ne kuma ka cire kuɗin lemu da ƙanƙara da man mota. Ka ga inda ribar ta shige.

Saboda haka ni daga ƙasa nake gina farashi. Nakan fara da tambayar kaina nawa nake so kowace awa ta gumina ta kawo mini, in ninka da dukan awoyin, na gaban baƙi da waɗanda ba wanda ya gani. Sai in ɗora kason kuɗaɗen da nake kashewa a shekara ko an kira ni ko ba a kira ni ba: inshora, sabunta kayan aiki, tambulan da ke fashewa, kayan sawa, waya, talla. Yadda ake fitar da wannan kason shi ne ka tara na shekara ka raba da yawan ayyukan da kake samu da gaske, ba waɗanda kake fata ba. A nan mutane da yawa ke ruɗin kansu. Liyafa yawanci a ƙarshen mako ake yinta, kuma akwai watannin da waya ba ta ƙara ko sau ɗaya. Wanda ke kashe 2,400 a shekara yana samun aiki 40, kowane aiki yana ɗauke da 60. Idan aiki 20 yake samu, 120 ne.

Bari in haɗa maka misali cikakke. Awa 13 a kan 50 ya ba da 650. Kason kuɗin shekara 60. Kuɗin hanya 40. Kayan haɗi da ka saya a 200 ka sa su a 250. Jimla 1,000, wato 25 a kan kowane baƙo cikin 40. Lura cewa kuɗin awar ma rabin wanda ka caja ne, amma abin da ya fito ya ninka naka sau biyu da rabi. Kuma kada ka manta haraji yana jiran kasonsa. A Amurka, misali, mai aikin kansa yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na harajin masu zaman kansu, ban da harajin kuɗin shiga. Ko'ina kake, ka ware wani abu daga kowane aiki a wuri dabam tun ranar da kuɗin ya shigo.

Lissafin kaya

Nan ne zan ɗan daɗe, domin nan ƙananan asarori ke taruwa su zama babba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna aiki da ita ita ce kowane baƙo kofi 2 a awa ta farko, sannan kofi 1 a kowace awa bayan haka. Baƙi 40 a awa 4 kofi 200 ke nan, kuma 80 daga ciki a awar farko za su fita. Wannan lamba ta 80 tana gaya maka abu biyu. Na farko, mutum ɗaya ba zai girgiza kofi 80 ɗaya bayan ɗaya cikin minti 60 ba tare da layi ya taru ba, don haka ko dai ka haɗa wasu da yawa tun daga gida a manyan goruna, ko ka zo da mataimaki, kuma kowanne ka zaɓa yana da kuɗinsa. Na biyu, yawan ire-iren abin sha shi ma farashi ne. Iri uku ko huɗu sun isa liyafar gida. Duk wanda ya ce yana son iri takwas, to ya ƙara maka sayayya, ya ƙara maka ragowar da za ta lalace, ya rage maka sauri, sai farashinsa ya nuna haka. Yawanci akan ce mai haɗi ɗaya ga baƙi 50 idan ana girgizawa da damawa, ya iya kaiwa 75 idan buɗe kwalba ne da zubawa kawai.

Lemun tsami guda matsakaici yakan ba da ruwa kimanin mililita 30. Idan rabin kofunan nan 200 suna buƙatar mililita 25 kowanne, lita 2 da rabi kake nema, wato lemu sama da 80. Mutum bai cika yarda ba sai ya zauna matse su da hannunsa. Ƙanƙara kuwa rabin kilo zuwa kilo ɗaya ga kowane baƙo, kuma idan a fili za a yi cikin zafi, ko kuma da ita za a sanyaya kwalabe, ka kama na sama. Ƙanƙara ce abin da na fi ganin sababbin shiga suna rainawa, alhali idan ta ƙare aiki ya tsaya cak, domin ba sanyi kaɗai take bayarwa ba. Ruwan da ke narkewa daga jikinta lokacin girgizawa yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ke cikin kofin, shi ne ke daidaita ɗanɗano. A kan duk lissafin nan nakan ƙara kashi 10 saboda zubewa da lalacewa.

Kada ka sayar da kaya a yadda ka saye su. Ka kashe lokaci, ka ɗauko, ka ajiye, kuma kuɗinka ne ya kwana a ciki. Amma ka kula da wani kuskuren lissafi da ke cin mutane: ɗora kashi 30 a kan abin da ka saya ba shi ne cin ribar kashi 30 ba. Abin da ka saya 100 ka sayar 130, ribarka 30 ce cikin 130, wato kusan kashi 23. Idan kashi 30 na kuɗin sayarwa kake so, sai ka raba 100 da 0.7, ka sami 143. A misalin da na ba ka na raba 200 da 0.8 ne na sami 250, ribar kashi 20 ke nan.

Wannan ƙa'ida ta kofi biyu da kofi ɗaya ma'auni ne na farawa kawai. Taron rana da na dare ba ɗaya ba ne, taron dattawa da na matasa ba ɗaya ba ne, lokacin sanyi da na zafi haka. Abin da ya gyara mini lissafi shi ne ɗan littafin da nake rubuta abin da na kai da abin da ya rage bayan kowane aiki. Bayan aiki goma littafin nan zai fi kowace ƙa'ida gaya maka gaskiya.

Da awa, da kai, ko jinga?

Caji da awa yana da sauƙin fahimta, kuma ya dace da inda mai gida ya tanadi komai, kai hannunka da kayan aikinka kawai za ka kawo. Aibinsa shi ne ba ya ganin yawan mutane: awa 4 ga baƙi 15 da awa 4 ga baƙi 60 ba wahala ɗaya ba ce. Idan za ka bi shi, ka sa mafi ƙarancin awoyin da kake karɓa, uku ko huɗu, domin wanda ya kira ka na awa biyu ya riga ya cinye maka daren, ba za ka iya sayar wa wani ba. Caji da kai ya fi dacewa idan kai za ka kawo kaya, tunda kuɗin kaya da yawan baki yake tafiya. Shi kuma aibinsa yana fitowa a ƙaramin taro: 25 sau baƙi 12 bai wuce 300 ba, alhali hanya da kafa kanta da wanke-wanke ba su ragu ba. Dole a nan ma ka sa mafi ƙarancin kuɗin da za ka fito dominsa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne jinga. Ina yin lissafin awoyi da na kawuna a takardata, sai in ba mai gida lamba ɗaya tare da iyakokinta a rubuce: baƙi har zuwa 40, awa 4 daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, abin sha iri huɗu, ga abin da zan kawo, ga abin da shi zai tanada. A ƙasa in rubuta kuɗin kowane baƙo da ya ƙaru, da kuɗin kowane rabin awa da aka ƙara. Na fi son wannan domin mai gida ya san abin da zai kashe tun da wuri, ni kuma ba na zama ina kare dalilin da ya sa matse lemu ya ci awa biyu. Kuɗin ƙarin lokaci nakan sa shi sama da na awa ta yau da kullum, sau ɗaya da rabi, domin awa ta biyar a tsaye ta fi ta farko nauyi, kuma mataimakina ma sai na ƙara masa. Ranakun da kowa ke neman mai haɗi, irin daren shiga sabuwar shekara, farashinsu dabam ne. Nisan da ya wuce iyakar da ka ɗiba, hawa bene da kaya ba na'urar hawa, kuɗin ajiye mota, duk a tambaya tun a waya.

Idan aka ce kuɗin ya yi yawa, kada ka rage farashi ka bar aikin yadda yake. Rage aikin: a mayar da iri huɗu biyu, a yi kofin roba maimakon tambulan, mai gida ya sayo ƙanƙara da kansa. Wanda ka sauke wa farashi don ya yi ƙorafi kawai, ka koya masa cewa lambarka ta farko ba gaskiya ba ce, kuma haka zai gaya wa wanda zai turo maka. Dangi da abokai kuwa, idan za ka yi musu rangwame, rubuta cikakken kuɗin a takarda sannan ka nuna abin da ka yafe a ƙasansa, don su san alherin da aka yi musu, kada su ɗauka farashinka ke nan.

Idan akwai barasa a ciki

Ba ka faɗi ko abin da kake haɗawa da barasa ba ne ko babu. Duk lissafin da ya gabata ɗaya ne a kowane hali, kuma kada ka yarda a ce wanda ba barasa dole ya yi araha a wajen ladan aiki, domin matsewa da dafawa da girgizawa ba su ragu ba, sau da yawa ma sun fi yawa. Amma inda barasa ta shigo, doka ta shigo, kuma tana taɓa yadda za ka rubuta takardar kuɗinka. A ƙasashe da yawa sayar da barasa sai da lasisi, a wasu kuma an hana ta gaba ɗaya. Shi ya sa a Amurka mafi yawan masu wannan aiki a gidaje ba sa sayar da ita: mai gida ne ke sayen kwalabensa, su kuma su ba shi jerin abin da zai saya, su caji ladan aiki da kayan haɗi kawai. A nan sanin awo ke da amfani, kwalbar mililita 750 tana ba da zubi 12 idan mililita 60 ake zubawa, 17 idan mililita 44 ne. A Ingila da Wales, a ƙarƙashin dokar lasisi ta 2003, wanda zai sayar da barasa a taron wucin gadi sai ya ba ƙaramar hukuma sanarwa, a ƙa'ida kwanakin aiki 10 kafin ranar, kuma taron kada ya wuce mutum 499. Ka kula, cusa kuɗin barasa cikin "kuɗin kowane baƙo" ana iya ɗaukarsa sayarwa ne.

Akwai kuma alhaki. Jihohin Amurka da dama suna da dokokin da ke ɗora wa wanda ya zuba wa mai maye ko wanda bai kai shekara 21 ba laifin abin da ya biyo baya, don haka inshora da horon zuba barasa bisa ƙa'ida, irin na TIPS ko ServSafe, suna cikin kuɗin da farashi zai ɗauka. Ni mai sana'a ne, ba lauya ba, hukumar lasisi ta wurinku ita ce za ta yanke maka magana, kuma gara ka je kafin ka karɓi aiki. Ka rubuta a yarjejeniya cewa kana da ikon ƙin zuba wa duk wanda ka ga ya wuce iyaka, ko da mai gidan ne.

Karɓar kuɗi

Abin da ke sa mutum jin kamar yana roƙo shi ne neman kuɗi bayan an gama aiki, ƙarfe ɗaya na dare, mai gida ya gaji yana sallamar baƙi. Na taɓa bin wani mai liyafa cikon kuɗina wata biyu cur, kullum sai ya ce gobe, har na haƙura da wani ɓangare. Tun daga ranar na canza tsari. Ba na riƙe wa kowa rana sai ya ba da kafin alƙalami, tsakanin kashi 30 zuwa 50, wanda ya isa ya sayi kaya ba tare da na taɓa aljihuna ba. Adadin baƙi na ƙarshe nakan nema kwana 7 kafin ranar, bayan nan ana iya ƙarawa amma ba a ragewa, tunda na riga na yi sayayya. Ciko kuwa ko dai kwana biyu kafin liyafa, ko kuma da isowata kafin in zuba kofin farko. Mutanen kirki ba sa jin haushin wannan, hankalinsu ma ya fi kwanciya da wanda ke da tsari.

Takardar neman biya ba sai ta yi ado ba. Sunanka da lambar takardar, ranar aiki da wurin, abin da aka yi jinga a kai, abin da aka riga aka biya, abin da ya rage, ranar biya da hanyar biya. Idan da kati za a biya ka, kamfanonin da ke karɓar kuɗin suna cire kusan kashi 3, wato 30 a cikin 1,000, sai ka sa shi cikin lissafinka tun farko. A rubuta abin da zai faru idan aka fasa: ni idan saura fiye da wata guda nakan mayar da mafi yawan kuɗin ko in ɗaga zuwa wata rana, idan saura mako guda kafin alƙalami ya zauna, domin na ƙi karɓar aikin wasu saboda ranar. A rubuta kuɗin tambulan da ya fashe, da kuma wanda ragowar kaya za ta zama nasa.

Tukuici kada ka gina farashi a kansa. A wasu ƙasashe kamar Amurka al'ada ce mai ƙarfi, kashi 15 zuwa 20, a wasu kuma ba a san shi ba. Wasu masu gida ba sa son a ajiye kwanon tukuici a gaban baƙinsu, kuma suna da gaskiya, gidansu ne. Ka tambaya tun da wuri, idan ba sa so ku yi magana ko za su ɗora wani abu da kansu.

Saura maganar awa ɗaya da rabin da aka riƙe ka. Minti 30 kafin lokaci ya cika, je ka sami mai gidan shi kaɗai, ba a gaban baƙi ba, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, saura rabin awa mu rufe. Idan ana so a ci gaba, ƙarin yana nan yadda muka rubuta, awa nawa za a ƙara?" Idan ya ce a ci gaba, ya tura kuɗin nan take ko ya tabbatar maka a saƙon waya. Idan ya ce ya isa, sai ka sanar da baƙi zagaye na ƙarshe minti 15 kafin lokaci, ka fara haɗa kayanka.